Tambayi Likita: Ina haɗin ƙoda da dafin maciji da maganin hawan jini?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni malamin makaranta ne da ya yi ritaya, shekaruna 61, ina zaune a Gusau. Wata huɗu ke nan da aka gano ina da hawan jini, aka ɗora ni a kan wata ƙwaya mai suna lisinopril, ɗaya kowace safiya. Jinin ya ɗan sauka, amma tun daga sati na uku wani busasshen tari ya kama ni, babu kaki babu majina, sai ƙaiƙayi a maƙogwaro, har yakan katse mini karatu idan na ja salla a masallacin unguwa. Yaron da ke sayar da magani a kemis ya ce mini ƙwayar da ƙoda take da alaƙa, abin da ya tayar mini da hankali tunda ban taɓa ciwon ƙoda ba. Wani abokina kuma ya rantse cewa da dafin maciji ake haɗa ta. Don Allah ka warware mini wannan ƙulli.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara afuwa. Yaron kemis bai yi ƙarya ba, kuma maganar abokinka ma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, sai dai kowannensu bakin zare ɗaya ya kamo ya saki sauran. Ƙoda da dafi da tari duk amsarsu tana wuri guda, kuma tunda kai malami ne zan bi da kai ta doguwar hanya, domin na lura cewa majiyyacin da ya san abin da ƙwaya take yi a jikinsa ba ya saurin watsi da ita.

Sunan hawan jini kansa yana ruɗar mutane, har wasu suna ɗauka jinin ne ya yi yawa ya hau kai. Abin da na'urar awo take aunawa shi ne ƙarfin da jini yake tura bangon jijiya da shi, kuma wannan ƙarfin ya dogara ne a kan bugun zuciya, da faɗin jijiyoyi, da yawan ruwa da gishirin da ke cikin jiki. Duk wanda ya taɓa matse bakin tiyo yana ban ruwa a lambu ya ga yadda ruwan yake ƙara ƙarfi ba tare da an ƙara ko ɗigo ba. Jiki yana daidaita waɗannan abubuwa ta hanyar wasu sinadarai masu yawo a cikin jini ɗauke da saƙo, waɗanda ake kira homon. Da yawa daga cikinsu ba a ajiye suke a shirye ba, sai buƙata ta taso ake yanko su daga wani dogon furotin da ba ya aikin komai, kuma masu yankan su ne ake kira inzayim.

Ka ɗauki furotin tamkar carbi, kowane ɗan carbi kuma shi ne abin da masana ke kira amino asid. Hanta tana ƙera wani dogon carbi mai 'ya'ya 452 mai suna anjiyotensinojin, tana zuba shi cikin jini dare da rana, yana ta yawo bai hana kowa barci ba. Almakashin farko da zai taɓa shi a ƙoda yake. Ƙoda biyu suna karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya take turawa, suna tace ruwan da ya kai lita 180 a yini, suna mayar da kusan dukkansa cikin jini, abin da ke fita a matsayin fitsari bai wuce lita ɗaya da rabi ba. Gaɓar da aikinta ya rataya ga ƙarfin jini haka dole ta riƙa sa masa ido. A bakin kowace 'yar matata ta ƙoda akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune kamar masu gadi, kuma da zarar sun ji ƙarfin jini ya ragu, ko gishirin da ke wucewa ya yi ƙaranci, ko kuma jijiyoyin firgici sun zaburar da su, sai su saki inzayim mai suna renin.

Renin wuri ɗaya tak yake yanka. Yana cire 'ya'ya goma daga bakin dogon carbin nan, kuma wannan guntun shi ne anjiyotensin na ɗaya, wanda shi ma bai da wani ƙarfin a zo a gani. Sai ya bi jini ya isa huhu, inda bangon ƙananan jijiyoyi yake cike da almakashi na biyu, wanda likitoci suka taƙaita sunansa zuwa ACE. Shi kuma ya datse 'ya'ya biyu, takwas su rage. Waɗannan takwas ɗin su ne anjiyotensin na biyu, kuma yana cikin sinadarai mafi ƙarfin matse jijiya da jikin ɗan Adam yake da su, duk da cewa cikin ƙasa da minti ɗaya rabinsa ya lalace.

A wannan ɗan taƙin lokaci aikin da yake yi ba kaɗan ba ne. Yana tsuke ƙananan jijiyoyi, yana isa ƙwaƙwalwa ya tayar da ƙishirwa, yana sa a saki homon da ke hana ƙoda zubar da ruwa, sannan yana ƙwanƙwasa ƙofar wata 'yar gaɓa mai kama da hula da ke zaune a saman kowace ƙoda, wadda ake kira adirenal. Ita kuma tana da nata jerin inzayim da ke sarrafa kolastarol mataki-mataki har ya zama aldostiron, homon da ke umartar ƙoda ta riƙe sodiyam, wato sinadarin gishiri, ta fitar da fotasiyam. Inda gishiri ya tsaya kuwa, nan ruwa yake tsayawa. Idan jini ya dawo daidai, anjiyotensin na biyu da kansa yake komawa ya ce wa ƙoda ta rage renin.

Wannan tsari rahama ne ga wanda ya yi haɗari yana zubar da jini, ko mai gudawa, ko manomin da ya wuni a rana cikin watan Afrilu bai sha ruwa ba, domin shi ne yake riƙe jini ga ƙwaƙwalwa kafin taimako ya iso. Matsala tana farawa ne idan ya ci gaba da aiki alhali babu gaggawa, shekara da shekaru, har bangon jijiyoyi ya yi kauri, tsokar zuciya ta kumbura ta taurare, matatun ƙoda kuma su fara yoyon furotin.

An daɗe kafin a gano wannan sarƙa. A 1898 wani masani ɗan ƙasar Finlan, Robert Tigerstedt, tare da ɗalibinsa Per Bergman, a cibiyar Karolinska da ke Suwidin, suka tatsi ruwan ƙodar zomo suka yi wa wasu zomaye allurarsa, sai suka ga jininsu ya hau, suka raɗa wa abin suna renin. Duniya ta yi biris da binciken fiye da shekara talatin, sai a 1934 da Harry Goldblatt a Amurka ya matse jijiyar da ke kai jini ƙodar karnuka, suka kamu da hawan jini mai ɗorewa. Wajen 1940 ƙungiyoyi biyu, ta Eduardo Braun-Menéndez a Ajantina da ta Irvine Page a Amurka, kowace ta gano sinadarin da renin yake samarwa ta ba shi sunanta, har sai a 1958 suka haɗe sunayen biyu aka sami anjiyotensin. Leonard Skeggs ne ya bayyana ACE a 1956.

Yanzu sai maganar maciji. A Burazil akwai wani maciji mai suna jararaka, ɗan uwa ne na nesa ga kububuwa da kasa, wanda idan ya sari mutum jininsa yake faɗuwa warwas. A 1965 wani matashin masanin magunguna na ƙasar, Sérgio Ferreira, ya nuna cewa dafin yana ɗauke da wasu gajerun furotin da ke hana jiki lalata biradikinin, wani sinadari mai buɗe jijiyoyi. Ya tafi da su Landan wurin wani masanin magunguna, John Vane, inda aka gano cewa suna toshe ACE. Daga baya aka tabbatar da cewa inzayim ɗin da ke lalata biradikinin da wanda ke samar da anjiyotensin na biyu abu ɗaya ne: almakashi guda, yana ƙera mai matse jijiya da hannu ɗaya, yana kashe mai buɗe ta da ɗayan. Masana biyu na kamfanin Squibb, David Cushman da Miguel Ondetti, suka nazarci siffar abin da ke cikin dafin, suka lura cewa ACE yana aiki ne da ƙwayar ƙarfen zink a tsakiyarsa, suka ƙera wani ɗan ƙaramin sinadari da zai kama zink ɗin ya toshe bakin almakashin. Shi ne captopril, wanda aka amince da shi a Amurka a 1981, kuma lisinopril da kake sha ya biyo baya a 1987. Ka gaya wa abokinka cewa maciji samfuri kawai ya bayar, kamar yadda tela yake kallon riga ya ɗinka irinta da nasa yadin. Babu ko ɗigon dafi a cikin ƙwayarka, a masana'anta ake haɗa ta.

Ina jin ka riga ka hango inda tarinka ya samo asali. Da aka toshe ACE anjiyotensin na biyu ya ragu, jini ya sauka, amma biradikinin ya rasa mai share shi, sai ya taru a huhu, inda ACE ya fi yawa, da kuma maƙogwaro, yana tsokanar jijiyoyin tari. Kusan mutum ɗaya cikin goma da ke shan wannan rukuni na magani yana samun haka, mata sun fi maza, kuma maganin tari na kwalba ba ya yi masa komai, asarar kuɗi ce. Kada ka daina shan ƙwayar da ra'ayin kanka. Ka koma wurin likitan da ya rubuta maka, ka gaya masa ranar da tarin ya fara. A ƙasarmu duk tarin da ya wuce sati biyu ya kamata a duba ƙirji a kawar da zargin tibi, kuma ciwon zuciya ma yana sa tari. Idan aka tabbatar maganin ne, yawanci akan sauya zuwa dangin losartan, wanda ya fito a 1995. Shi ba ya taɓa almakashin, yana zuwa ne ya zauna a ƙofar da anjiyotensin na biyu yake shiga ya isar da saƙonsa, don haka biradikinin ba ya taruwa. Tarin yakan tafi cikin sati ɗaya zuwa huɗu, wani lokaci ya kai wata uku.

Akwai abu ɗaya da ba a jira da shi. Idan ka wayi gari leɓenka ko harshenka ko fuskarka ta kumbura, ka ajiye ƙwayar ka tafi asibiti nan take, domin kumburin yana iya toshe numfashi. Shi ma aikin biradikinin ne, kuma ya fi samun baƙar fata sau uku ko fiye a kan farar fata.

Game da ƙodarka kuwa, rubuta maka wannan magani ba ya nufin tana da ciwo. Hasali ma yana kare ƙodar masu ciwon suga da waɗanda fitsarinsu ke fitar da furotin. Amma tunda yana rage aldostiron, fotasiyam yana iya hawa, saboda haka ake auna jini kafin farawa da kuma bayan sati ɗaya ko biyu. Idan ba a yi maka ba, ka nema. Ka kuma guji ibuprofen da diclofenac da ake saya a kemis don ciwon gwiwa, domin haɗa su da lisinopril, musamman a lokacin gudawa ko amai ko tsananin zafi, shi ne yake jefa ƙoda cikin hali. Kafin azumi ma ka tattauna da likitanka a kan lokacin shan ƙwayar.

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Mahaifiyata tana Maraɗi, tana shan enalapril kusan shekara guda amma awonta bai taɓa sauka ƙasa da 160 ba. Da na kai ta wani asibiti sai likitan ya ƙara mata amlodipine, ya ce irin maganin farko shi kaɗai ba ya cika yi wa mutanenmu aiki, ya kuma hana ta kanwa. Shin magani ma yana zaɓen launin fata ne? Kuma me kanwa ta yi, alhali ba ta cin gishiri sosai?

AMSA: Barka kadai, 'yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka miki da alheri a kan kula da ita. Likitan nan ya yi daidai. Enalapril ɗan gidan lisinopril ne, kuma ki duba amsar da ta gabata za ki ga cewa renin ne mafarin sarƙar. Idan aka auna jinin masu hawan jini 'yan asalin Afirka ta kudu da Sahara, kaso mai yawa ana samun renin ɗinsu a ƙasa. A jikin irin waɗannan mutane ƙoda tana riƙe gishiri da ruwa fiye da kima, jijiyoyi sun cika, ita kuma ƙodar da ta ga haka sai ta rage sakin renin tunda ba ta ga dalilinsa ba. To idan almakashin farko ya riga ya yi sanyi, toshe na biyu ba zai sauke jini sosai ba. Magana ce ta rinjaye a cikin jama'a, ba hukunci a kan kowane mutum ba, domin akwai Bahaushen da enalapril shi kaɗai ya wadatar da shi.

Wannan batu an gwada shi a nahiyarmu. A 2019 aka wallafa wani bincike mai suna CREOLE wanda Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta, a kan mutum 728 a ƙasashe shida, ciki har da Najeriya da Kamaru. An raba su gida uku, kowane gida aka ba shi haɗin magani biyu na tsawon wata shida. Haɗi biyun da ke ɗauke da amlodipine sun fi sauke jini da kusan maki uku a kan haɗin perindopril, ɗan gidan enalapril, da maganin sa fitsari. Maki uku zai yi miki kama da ƙaramin abu, amma idan aka lissafa shi a kan al'umma, shanyewar ɓarin jiki da yawa ce aka kauce wa. Amlodipine ba ruwansa da renin, yana sassauta tsokar bangon jijiya ne kai tsaye ta hanyar hana kalsiyam shiga cikinta. Kada Hajiya ta jefar da enalapril don an ƙara mata wani, biyun suna taimakon juna, kuma idan ƙafafunta sun ɗan kumbura ta sanar da likita, domin amlodipine yana yin haka.

Ita kuwa kanwa, wasu suna ɗauka fotasiyam ce saboda sunan potash da ake kiranta da shi a kudu, alhali mafi yawanta sodiyam ne, wato ainihin abin da ake gudu a gishiri. Ƙoda ba ta tambayar daga ina sodiyam ya fito, daga gishirin miya ne, ko dunƙulen ɗanɗano, ko kanwar da aka jefa a wake da miyar kuka. Tun a shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, suka bayyana yawan kasawar zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da zafin wankan jego. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babba ya wuce giram 5 a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, kuma a nawa ganin yawancin iyayenmu da ke cewa ba sa cin gishiri suna ƙirga wanda ake barbaɗawa ne kawai, ba sa ƙirga dunƙule huɗu da aka murmushe a tukunya. Wani abin lura shi ne, idan aka rage gishiri renin yana ɗagowa, sai enalapril ya fara aiki fiye da da.

Idan an kai magani uku, ɗaya daga ciki na sa fitsari, jinin bai sauka ba, ki nemi a duba mata aldostiron, domin wani lokaci adirenal ce take zubo shi da kanta ba tare da umarnin kowa ba. Jerome Conn ne ya bayyana wannan cuta a 1955, kuma tana da magani nata, spironolactone.

TAMBAYA: Likita, ni ɗalibar koyon jinya ce a Kano. An koya mana renin da ACE, amma duk masu ɗaga jini ne. Shin jiki ba shi da inzayim ko homon da ke sauke shi? Kuma me ya sa ake hana masu juna biyu waɗannan magunguna?

AMSA: Yana da su, 'yata, kuma tambayarki ta nuna kina karatu da tunani. A 2000 aka gano ACE2, wanda yake cire ɗan carbi ɗaya daga anjiyotensin na biyu, bakwai su rage, kuma waɗannan bakwai ɗin buɗe jijiya suke yi. Sunansa ya karaɗe duniya a 2020 ne saboda shi ne ƙofar da ƙwayar cutar korona take shiga jiki ta cikinta. Zuciya ma tana da nata homon. A 1981 Adolfo de Bold, ɗan Ajantina da ke aiki a Kanada, ya nuna cewa idan ɗakunan sama na zuciya suka cika suka miƙe, suna sakin wani sinadari da ke sa ƙoda ta zubar da gishiri da ruwa. Wani inzayim mai suna korin ne yake yanko shi, wani kuma mai suna nefirilaisin yake lalata shi, kuma toshe nefirilaisin shi ne aikin sacubitril, wanda aka haɗa da valsartan, ɗan gidan losartan, aka amince da shi a 2015 don masu kasawar zuciya. Ba a haɗa shi da dangin enalapril, sai an bar tazarar awa 36, domin nefirilaisin ma yana lalata biradikinin, kuma toshe biyun tare yana jawo kumburin da na ambata a sama.

Ki ƙara wannan a littafinki: ACE ba shi kaɗai yake ƙera anjiyotensin na biyu ba. A 1990 Hidenori Urata da abokan aikinsa suka nuna cewa a cikin tsokar zuciyar mutum wani inzayim mai suna kaimes yana yin wannan aikin, kuma dangin enalapril ba sa taɓa shi.

Ita kuwa mai juna biyu, ƙodar ɗan tayi tana buƙatar anjiyotensin na biyu don ta ginu ta fara fitsari, kuma fitsarin nan shi ne mafi yawan ruwan da tayin yake kwance a ciki a rabin ƙarshe na ciki. Idan aka toshe sarƙar ruwan yana ƙafewa, huhun tayi ya kasa girma, ƙashin kansa ma ya kasa haɗuwa yadda ya kamata. Haramcin ya shafi dangin enalapril da dangin losartan duka. Duk macen da ke shekarun haihuwa ta zo miki da katin magani mai sunan da ya ƙare da "pril" ko "sartan", ki tambaye ta yaushe ta ga al'adarta ta ƙarshe, kuma idan tana neman ciki ki tura ta wurin likita a sauya mata zuwa methyldopa ko labetalol ko nifedipine.